Me Ya Sa Fayil Ɗin Rajista Yake Ƙin Buɗewa a Wata Kwamfutar?

Sau da yawa akan ga malami ko magatakarda ya shafe watanni yana shigar da sunayen ɗalibai, da makinsu, da kuɗin makarantar da kowa ya biya, a cikin kwamfutar ofis. Ran nan sai ya kwafi fayil ɗin, ya kai shi wata kwamfutar, ya danna, ta ƙi buɗe shi. Daga nan hankali ya tashi, a ce aiki ya lalace. Galibi kuwa babu abin da ya sami fayil ɗin. Kwamfutar da aka kai wa ce ba ta da abin karanta shi.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da ita. Sanannu guda uku ne: Windows na kamfanin Microsoft, da macOS na kamfanin Apple, da kuma Linux wadda ake samu kyauta. A bisa wannan babbar manhaja ne ƙananan manhajoji suke zama, kuma wadda aka rubuta domin Windows ba ta aiki kai tsaye a kan sauran biyun. Microsoft Access, wadda ofisoshi da yawa suke ajiye rajista da ita, ta fito a shekarar 1992, domin Windows kaɗai. Kamfanin ya yi Word da Excel na kwamfutocin Apple, amma bai yi musu Access ba. To, wannan shi ne tushen matsalar.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mai karatu ya gane. Fayil ɗin rumbun bayanai ba kamar wasiƙa ba ne. Fayil guda na Access, mai ƙarewa da .mdb, ko .accdb tun daga fitowar Access 2007, ɗauke yake da kaya iri-iri: jadawalai inda ainihin bayanan suke, da fom ɗin da magatakarda yake cikewa, da tsarin rahoton da ake bugawa a ƙarshen zango, da ƙananan umarnai da wani ya rubuta domin su yi lissafi da kansu. Idan aka ƙaura zuwa wata babbar manhajar, jadawalan ne kawai sukan tsallaka lafiya. Fom da rahoto da umarnai sukan tsaya a baya, sai an sake gina su. Gara mutum ya san haka tun da wuri.

Hanya mafi sauƙi ita ce a koma kwamfutar da aka yi aikin a kanta, a fitar da kowane jadawali a siffar da ake kira CSV. Wannan rubutu ne zalla, kowane layi ɗalibi ɗaya, an raba suna da aji da maki da waƙafi. Babu kwamfutar da ba ta karanta shi. Amma fa a nan ne mu masu rubuta Hausa za mu yi hattara. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows take amfani da shi domin harsunan Yammacin Turai. In ba a zaɓi tsarin UTF-8 ba lokacin fitarwa, sai ka tarar Ɗanladi ya koma alamar tambaya da "anladi", har a rasa bambanci tsakanin Ƙaura da Ɗaura a jerin. Haka nan kwanan wata: Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, mu kuwa rana muke farawa da ita, saboda haka 3/4 yana iya zama uku ga Afrilu a wannan kwamfuta, ya zama huɗu ga Maris a waccan. Lambar wayar iyaye ma ba ta tsira ba, domin idan aka buɗe CSV da Excel yakan ɗauke ta lambar lissafi ce, ya jefar da sifirin farko. Maganin wannan shi ne a gaya masa cewa layin nan rubutu ne kafin a shigo da shi.

Idan kuwa tsohuwar kwamfutar ta mutu, fayil ɗin kaɗai ya rage a hannu, akwai dabara. Masu Linux da macOS suna da wasu kayan aiki na kyauta mai suna MDB Tools, masu zaro jadawalai daga fayil ɗin Access. LibreOffice Base ma tana iya karanta shi idan aka haɗa ta da wata 'yar manhaja mai suna UCanAccess. Wanda kuma lalle sai ya ga fom ɗinsa yadda ya saba, sai ya girka Windows a cikin kwamfutar tasa kamar baƙo a ɗakin soro, ta hanyar VirtualBox ko Parallels, ya sa Access a ciki. Wannan yana cin wuri, yana kuma bukatar lasisi.

Tsufan fayil shi ma matsala ce, ko da ba a bar Windows ba. Access 2013 da waɗanda suka biyo bayanta ba sa buɗe fayil ɗin Access 97, sai an fara sabunta shi da wata ta tsakiya kamar Access 2003. Abin mamaki, fayilolin dBASE masu ƙarewa da .dbf, waɗanda suka girme su tun shekarun 1980, sun fi sauƙin buɗewa, saboda tsarinsu mai sauƙi ne. LibreOffice tana karanta su a kan dukan manyan manhajojin nan uku.

A ganina, makarantar da za ta fara sabuwar rajista ta duba SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. Fayil ɗinta guda ne, kuma yadda yake a Windows haka yake a macOS da Linux. Wanda kuma zai gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan a kan tsohuwar rajista, ya fara yin kwafi biyu, ya ajiye na asali a gefe. Bayan ya gama ya ƙirga layukan: in ɗalibai 412 ne a tsohon jadawali, to, 412 ya kamata ya gani a sabon.