Matameye: Inuwa ko ado, me ya dace a dasa a tsakar gida?

Duk wanda ya shigo Matameye ta hanyar Damagaram, abin da zai fara gani shi ne gawo birjik cikin gonaki. Tun shekarun 1980 manoman wannan yanki, da na Magarya da Mirya, suka koma kula da itatuwan da ke tsirowa da kansu, har labarin ya kai ƙasashen waje.

Sai dai tsakar gida ba gona ba ce. Matashin da ya gina gidan siminti da kuɗin da ya samo a Kano ko Aljeriya yakan tarar filin da ya rage bai wuce na itace ɗaya ba.

Gawo na zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke son gindinsa. Amma ƙayarsa da faɗinsa sun fi ƙarfin ƙaramin gida. Bedi, wato dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, yana jure fari, yana ba da inuwa a watan Afrilu lokacin da ɗakin kwano ba ya zaunuwa. Matsalarsa saiwa ce. Tana bin danshi, in an dasa shi jikin katanga ko kusa da ramin masai, wata rana sai bango ya tsage, gyaran kuma ya ninka kuɗin dashen sau da yawa. In fili ya ba da dama, tsakiyar gida ce wurinsa.

Ƙananan itatuwa ba su da wannan fitina. Lalle na yin shinge mai kyau, mata su tsinki ganyensa. Zogale na saurin girma, ya shiga tukunya. Ba su ba da inuwar da za a shimfiɗa tabarma dai. Kariya kuwa, duk da kyan furenta, ruwanta guba ne, haka ma 'ya'yan bi-ni-da-zugu, don haka gida mai ƙananan yara gara ya haƙura da su.

Ranar 3 ga Agusta, bikin 'yancin kai da Nijar ta mayar ranar dashen itace tun 1975, tana faɗowa tsakiyar damina, lokacin da dashe ya fi kamawa. Wanda ke ƙasar waje sai ya fara sanin wa zai yi ban ruwa da bazara, wa kuma zai kewaye shukar daga awaki, kafin ya turo kuɗi.