Birki Kafin Totur

Duk wanda ya daɗe zaune a cikin birnin Kano, balle a unguwa irin tamu ta Soron Ɗinki, inda lungu kan ƙuntata har mai kura da mai babur su tsaya ba juna haƙuri kafin ɗayansu ya wuce, ya san cewa a 'yan shekarun nan wata sha'awa ta shiga zukatan samarinmu wadda ba mu gada ba, ba mu kuma yi mata ƙa'ida ba, watau wasa da mota. Saurayi ya sami Marsandi ko BMW 'yar Kwatano, ya kai ta gareji a fasa salansa, a taɓa kwamfutar injin don a ƙara masa ƙarfi, sa'an nan ranar ɗaukar amarya ya hau faffaɗan titunan waje yana juyi da ita, taya na hayaƙi, yara na sowa. Hukuma ta sha hanawa, malamai sun sha yin wa'azi, an kuma sha zaman makoki, amma abin bai mutu ba. Kuma a ganina, abin da hani ya kasa kashewa ya cancanci a zauna a dubi yadda waɗanda suka riga mu shigarsa suka ladabtar da shi.

A ƙasashen Turai akwai filayen da aka keɓe wa tseren mota, kamar Silverstone ta Ingila, wadda asalinta filin jiragen yaƙi ne kafin a yi babban tsere a cikinta a 1948, da Nürburgring ta Jamus, wadda aka buɗe a 1927, wadda kewayenta ya haura kilomita 20. A irin waɗannan wurare akan ware wasu ranaku a buɗe wa gama-garin mutane ƙofa, kowa ya zo da motarsa ya biya ya shiga, ba don a fitar da gwani ba, sai don mutum ya san iyakar motarsa da iyakar kansa a inda babu mai talla, babu ɗan makaranta, babu motar da za ta fuskanto shi. A bisa al'adar yawancinsu, kafin a tayar da inji sai an tara jama'a an karanta musu sharuɗɗa da ma'anar tutoci: rawaya, akwai haɗari a gaba, a sassauta, ja, an tsayar da kowa, baƙa, kai ake kira, fito. Sabon shiga akan sa shi cikin 'yan'uwansa sababbi, da hular kwano a kansa, da malami a kujerar gefe, ya yi kamar minti 20 ya fito, domin ƙarfe ya huce, shi ma hankalinsa ya dawo.

To, a nan ne mai motar da aka ƙara wa ƙarfi yake shiga mushkila, domin ƙarfin da yake taƙama da shi, shi ne hijabin da ke tsakaninsa da ilimi. Mai ƙaramar mota idan ya kuskure kwana, motar kan yi masa gargaɗi a hankali, ya ji taya na kuka, ya gyara. Mai babbar kuwa, musamman wadda ƙafafun baya ke turawa, idan ya danna totur tun bai miƙe sitiyari ba, kafin ya ce kwabo bayan motar ya riga gabanta. Lissafin ma ba ya bukatar zurfin karatu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ta tsaya ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Ba a taɓa jin mai doki a garin nan ya ɗora ɗan da bai san riƙon linzami ba a kan ingarma ranar Hawan Daushe. Da doki mai sanyin hali ake farawa, a yi ta kilisa, sai zama ya daidaita bisa sirdi kana a yi zancen sukuwa da zamiya.

Kwanan baya wani ɗan maƙwabcinmu, yaro mai ladabi ƙwarai, ya ja ni bakin titi inda yake ajiye tasa, tun da yake ba ta iya shiga lungunmu, ya buɗe mini injin yana ta lissafa abin da aka sa mata. Na durƙusa na duba gefen tayar gaba, inda masu ƙera taya ke buga lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, sai na ga tayar ta girmi ƙaninsa da ke firamare. Na ce, "Ɗana, yaushe rabonka da canza man birki?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai bai ragu ba." Ga shi kuwa man birki ba raguwarsa ce abin tsoro ba: yana tsotsar danshi daga iska sannu a hankali, idan aka yi ta taka birki da ƙarfi ya ɗau zafi sai ya tafasa, kuma a sa'ar da aka fi bukatarsa, a nan ƙafa kan nutse har ƙasa mota ba ta saurara ba. Wanda duk ya san wannan sana'a zai gaya maka cewa kuɗin farko na taya ne da birki da ruwan lagireto, na biyu na malami, inji kuwa a bar shi yadda maƙeransa suka yi shi sai hannu ya faɗa. Haka nan na'urar da ke hana taya sulɓi, wadda samarinmu ke kashewa don kada a ce musu matsorata, sabon shiga ba shi da hujjar taɓa ta, balle a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya bisa kwalta.

Shari'a ba ta ƙi tsere ba. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan musabaƙa, sun halatta ta a dawaki da raƙuma da harbi, bisa sharuɗɗa sanannu. Amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, kuma ban ga ta inda mai sitiyari zai kuɓuta daga wannan ƙiyasi ba. Kisan kuskure yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000, yana da kaffara ta azumin wata 2 a jere; wanda kuwa ya yi ganganci a hanyar jama'a, inda dokar ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, sai ya tambayi malaminsa ko har yanzu sunan aikinsa kuskure.

Abin da ya rage shi ne fili. Garin da ya keɓe wa dawaki Filin Sukuwa da Filin Folo tun zamanin Turawa ba zai rasa wani fage a bayan gari ba da za a kewaye, a shimfiɗa kwalta, a jera tsofaffin tayoyi a bakin kowace kwana, a ajiye motar asibiti da ta kashe gobara. Masu motocin su kafa ƙungiya su ɗauki nauyin wurin, jami'an kiyaye haɗurra su duba taya da birki a bakin ƙofa, kowa ya sa hannu cewa ɓarnar da ya yi a wuyansa take, kuma wanda aka kama yana juyi a titi bayan an buɗe filin, a hana shi shiga, a kuma karɓe lasisinsa.