TARIHIN DA KE KWANCE A ƘARƘASHIN RUWA

Duk wanda ya san cikin Birnin Kano ya san kududdufi. Asalin yawancinsu ramuka ne da mutanen dā suka haƙa don neman ƙasar gini, gama da ita aka ta da badala tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, da ita kuma aka yi soraye da katangun gidaje. In damina ta sauka sai ramukan nan su cika, waɗansu har su kai rani ba su ƙafe ba. Babbar cikinsu ita ce Jakara, wadda littafin Tarihin Kano ya ambata tun a labarin Barbushe, ya ce ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa. A bakinta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824, da Barth na Jamus, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, dukansu sun rubuta labarin ruwan nan da ya raba birni biyu.

To, sai mai karatu ya yi tunani. Kasuwa ta shekara fiye da 500 tana ci a bakin ruwa, fatake suna sauke kaya, mata suna wanki, tulu yana fashewa, akushi yana suɓucewa daga hannun yaro. Ina duk waɗannan su ke tafiya? Hankali ya ba da cewa mai yawa daga ciki sun nutse cikin laka, kowace damina kuwa tana ƙara rufe su. Akwai wani reshe na ilmin tonon kayan tarihi wanda aikinsa ke nan, watau binciken abin da ruwa ya haɗiye, ko a teku ne, ko a kogi, ko tafki, ko rijiya. Shi mu ke so mu yi wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis bayani, domin in an tsinci wani abu a unguwa, galibi kunnensu labarin kan fara shiga.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ruwa ya fi tudu iya ajiya. A tudu gara tana cin itace, fata da tufafi su ruɓe, ba abin da ke saura sai tsingaro da dutse da kashin maƙera. Amma abin da laka ta danne, iska ba ta kai gare shi, ƙananan halittun da ke ruɓar da abu kuwa yawancinsu ba su rayuwa sai da iska. Saboda haka itace ya kan daɗe ƙwarai da kamanninsa.

Shaidar wannan tana nan kusa da mu. A shekarar 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, a ƙasar da yau ke cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da itace mai tauri a zurfin kamar mita 5, watau wajen ƙafa 16. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, sai ya kai magana wurin mai gari, daga nan ta hau har gaban hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin. Ashe kwalekwale ne, an sassaƙe shi daga gungume guda, tsawonsa ya haura mita 8, wajen ƙafa 27. Da aka auna shekarun itacen a Jamus sai aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya duka. Yanzu yana Damaturu. Ba abin da ya tsare shi sai damshin ƙasar da ya kwanta a ciki. Ku lura kuma, ba wanda ya yi nutso a aikin nan. Da magirbi da shebur da igiyar awo aka yi shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da masu sha'awa su kan fara yi: shin sai wanda ya iya nutso ke shiga wannan fanni? A'a. Mutumin da a ke kira uban ilmin nan, George Bass na Amurka, ɗalibin tonon tarihi ne a Jami'ar Pennsylvania, bai san nutso ba. A 1960 aka nemi ya je Turkiyya, gama masu nutson neman soso sun ga wani jirgi da ya nutse a Gelidonya wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da curin jan ƙarfe. Ya ɗan koyi nutso na 'yan kwanaki a tafkin wanka, sa'an nan ya tafi. Kafin wannan lokaci, al'ada ita ce masani ya zauna cikin jirgi a sama, masu nutso su riƙa tsamo masa abin da ya ba su sha'awa. Bass ya sauka da kansa, zurfin ƙafa 90, ya sa aka auna kowane abu aka zana shi a inda ya ke kwance kafin a taɓa. Daga nan masana suka gane koya wa masanin tarihi nutso ya fi sauƙi bisa ga mai da gwanin nutso masanin tarihi.

Dalilin kuwa a fili ya ke. Darajar abin tarihi tana ga wurin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Tsingaron da aka tsamo aka jefa aljihu, tsingaro ne kawai. Amma in an san a ƙarƙashin kuɗin wuri ya ke, ko a bisa gawayin da za a iya auna shekarunsa, to, ya zama shaida. Don haka abin da a ke fara koya wa sabon shiga shi ne awo, kuma a tudu a ke koyonsa. Ƙungiyar Nautical Archaeology Society ta Ingila haka ta ke yi da ɗalibanta, masu nutso da waɗanda ba su yi. A kan kafa turaku biyu, a san tazarar da ke tsakaninsu. A ja igiyar awo daga kowane turke zuwa abin da a ke so a sa a taswira, a rubuta. In an koma kan takarda, sai a buɗe kamfas gwargwadon kowane awo, a ja baka biyu, inda suka haɗu nan abin ya ke. Kowane malamin lissafi yana iya koya wa yaran aji shida wannan a filin makaranta da tsofaffin tukwane uku. Wanda ya ƙware a tudu, in ya shiga ruwa abin da ya ƙaru kaɗan ne, sai dai ya yi rubutu da fensir a kan allon roba.

Bayan awo, sauran aikin da ba ya bukatar jiƙa ƙafa yana da yawa. Akwai riƙe littafin da a ke shigar da kowane abu da lambarsa, wanda aikin akawu ne tsantsa. Akwai binciken tsofaffin takardu da taswirori, da zama da dattawa a ji sunan kowane kududdufi da dalilin sunan. Sa'an nan akwai jinyar abin da aka fitar, wadda ita ce ta fi cin lokaci. Itacen da ya daɗe cikin ruwa ruwan ne ke riƙe da shi, in ya bushe sai ya motse ya tsattsage, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya nutse a 1628, aka fito da shi a 1961, sa'an nan aka shekara 17 ana fesa masa wani magani mai kama da kakin zuma kafin a bar shi ya bushe.

Shi kuwa nutso da tukunyar iska a baya, wanda Cousteau da Gagnan na Faransa suka ƙago kayansa a 1943, ba a koyonsa daga littafi ko jarida, sai a hannun malamin da ke da takardar shaida. Ruwa yana da nauyi. A zurfin ƙafa 33 matsin da ke kan jiki ya ninka na bisa tudu sau biyu. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a can ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa har ta iya fasa huhu. Wanda ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa, iska ta kan yi kumfa cikin jininsa, ta kama gaɓoɓi, ta shanye jiki. Shi ya sa ba a barin sabon mai koyo ya wuce ƙafa 60, ba a kuma barin kowa ya sauka shi kaɗai. A Sanagal, Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop ya bi wannan hanya da ɗalibansa, suka koyi nutso suna neman jiragen cinikin bayi a tekun da ke kewaye da tsibirin Gore.

Muna da masu nutso namu tun dā, Sarkawa da Kabawan Argungu da masu yasar rijiya, waɗanda sun san halin ruwa fiye da yadda mai boko ya ke zato, kuma duk mai hankali zai nemi shawararsu. Amma fa kada malami ya karanta wannan ya tura yara kududdufi. Ruwan birni baƙi ne, ba ka ganin tafin hannunka, ga fasassun kwalabe, ga ƙazanta, ga tsargiya, ga laka mai riƙe ƙafa. A irin wannan wuri masani ya kan jira rani ruwa ya ja baya, ko ya kafa bututu cikin lakar ya zaro ta hawa-hawa, ya duba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, kududdufan suna ƙarewa. An cike da yawa an yi gini a kai, Jakara kuma an daɓe ta da siminti an shimfiɗa titi a bisanta. Lokacin da za a tare Kwara a Kainji, an aika masana suka yi ta tono da awo kafin ruwa ya rufe tsohuwar Busa a 1968, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Abin da suka rubuta ya tsira. Kududdufi kuwa motar haƙa ƙasa tana iya kwashe shi a mako guda, a zubar da lakar a bayan gari.

Nijeriya ta sa hannu a 2005 ga yarjejeniyar UNESCO ta 2001 a kan kayan tarihin da suka shekara 100 a cikin ruwa, wadda ta hana cinikinsu, ta kuma ce abin da za a fara dubawa shi ne a bar abu inda ya ke. Dokarmu ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana tono ba tare da izni ba. Saboda haka in leburori ko masu yasar rijiya sun ci karo da itace sassaƙaƙƙe, ko tukunya, ko ƙarfe, a tsai da aiki a wurin. A auna zurfinsa, a ɗauki hoto da wani abin gwaji a gefe, a rubuta rana da sunan unguwa. In an riga an fitar da shi, kada a wanke, kada a shanya a rana, a sa shi cikin bokiti da ruwan da aka same shi a ciki, a rufe. Sa'an nan a gaya wa mai unguwa, a kai rahoto Gidan Makama, ko a rubuta wa sashen ilmin tonon tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.