Wardi a tsakar gida: wanne ne zai rayu a wajenka?

Duk wanda ya taɓa riƙe furen wardi irin wanda ake naɗowa a leda ranar biki, mai dogon kara da kai kamar ƙaramin kofi, zai so a ce yana da irinsa a gida. Daga wannan sha'awar ce asarar mutane da yawa ke farawa, domin irin wannan fure ba a zafi ya tashi ba. Kaso mai yawa na wardin da Afirka ke aikawa Turai ana noma shi ne a bakin tafkin Naibasha na Kenya, kusan mita 1,900 sama da teku, inda rana ke da haske, dare kuma da sanyi. Wardin Ɗa'ifa ma, wanda turarensa ke shiga ruwan wankin Ka'aba, a kan duwatsu yake fitowa. Jos, da ta haura mita 1,200, ta samu rabonta na wannan yanayi. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, wanda zafin Afrilu ke kai masa digiri 40 har ya wuce, dole ya yi lissafi daban. Wardi zai yi a wajensa, amma ba kowane iri ba.

Irin da ya fi jan ido shi ne mai fure ɗaya babba a kan kowane kara, wanda masana ke kira haibirid-ti. Ana ɗaukar La France, da wani Bafaranshe mai suna Guillot ya fitar a 1867, a matsayin na farkonsu. Daga wannan gida ne Peace ya fito, mai ruwan ɗorawa da bakin hoda, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1945, da kuma Mister Lincoln, ja wur mai ƙamshi. Suna da kyau, ba musu, sai dai 'yan gata ne. A bazara furensu kan ƙanƙance, kuma mai jan da ya yi duhu shi rana ta fi ƙonawa: ka gan shi da safe garau, kafin la'asar gefen furen ya yi baƙi kamar an kara shi a wuta.

Da ni za a tambaya, mai farawa ya nemi fuloribanda, wato masu fitar da furanni tuli a reshe guda. Iceberg, fari, wanda kamfanin Kordes na Jamus ya fitar a 1958, ya yi suna wajen haƙuri a ƙasashe masu zafi, ga shi ba ya jimawa bai sake fure ba. Haka tsofaffin ire-iren da suka samo asali daga Sin, irin su Old Blush da Louis Philippe. Furensu ba shi da girma, amma daga zuriyarsu wardin Turai ya gaji halin yin fure sau da yawa a shekara, kuma sun fi jure zafi. Wardin Dimashƙa, wanda ake tatsar turare da ruwan wardi daga gare shi a Turkiyya da Bulgeriya da Maroko, ya fi su duka ƙamshi, amma yawancinsa sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni, kuma yana son sanyi kafin ya yi.

Matsalar ita ce, a wajen masu sayar da fulawa na bakin titi da wuya ka tarar da suna a jikin leda. Za a ce maka ja, ko fari, ko mai ƙamshi. Kada wannan ya dame ka, akwai tambayar da ta fi suna amfani: “Malam, wannan a nan ya yi bazara, ko kwanan nan aka kawo shi?” Wanda ya ga Maris da Afrilu a garinku bai mutu ba ya riga ya ci jarrabawa. Wanda aka sauke daga mota makon jiya, komai ƙyallinsa, ba a san halinsa ba tukuna. Sannan ka ajiye maganar fure, ka duba kara: ya kasance kore, mai kauri, da rassa biyu ko uku. Ka juya ganyen ka ga bayansa. Ka kuma tambaya ko ɗan aure ne, wato an ɗaura shi a kan saiwar wani iri kamar yadda ake yi wa mangwaro. Idan haka ne, duk tsiron da ya ɓullo daga ƙasan wurin auren na uwar saiwa ne. A cire shi tun daga tushe, in ba haka ba ya cinye wanda ka saya.

Abu biyu a kiyaye. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wasu na sayar da ita da sunan wardin hamada, alhali ba danginsa ba ce, kuma ruwan jikinta guba ne. Sai irin shukar da ake tallatawa a intanet na wardi shuɗi ko mai launin bakan gizo. Wardi ba shi da shuɗin launi a halittarsa, kuma ƙwayar iri ba ta maimaita kamannin uwa, shi ya sa ake yaɗa shi ta reshe ko ta aure.

Wurin dasawa ya kusa fin irin muhimmanci. Wardi na son rana kamar awa 6, amma a ƙasar zafi ranar safe ake nema. Gefen gabas na gida, inda inuwar katanga za ta rufe shi bayan azahar, ya fi ko'ina. Jikin katangar siminti mai kallon yamma kuwa murhu ne. A haƙa rami mai zurfi da faɗi wajen santimita 50, a cakuɗa ƙasar da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari; ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, don haka a laka sai an ɗaga wurin an ƙara yashi. Mai zama a gidan haya ya sa a babbar tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Ta fi baƙar roba, wadda ke dafa saiwa da tsakar rana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Saiwar za ta samu watannin sanyi ta kama ƙasa kafin zafi ya sauko, kuma a hunturun nan ne za ka ga fure mafi girma da launi mafi kyau. Ban-ruwa da sassafe, a gindi, a ƙoshe shi. Yayyafi a kan ganye ba ya kai wa saiwa, sai dai ya jawo cuta. Idan rijiyarku mai zartsi ce, za ka ga bakin ganye na bushewa, sai ka riƙa tara masa ruwan sama.

Kowane lokaci da nasa abokin gaba. Da damina baƙaƙen ɗigo kan fito a ganye, ya yi rawaya ya zube. A tsince shi a ƙone, kada a bari a gindi. Da rani darɓa kan taru a kan sabon toho, a wanke ta da ruwa ko a fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma. Busasshiyar ciyawa a gindi na riƙe laima, amma gara na binta, sai a bar tazara tsakaninta da kara. Akuya kuwa ƙayar wardi ba ta hana ta komai, waya kawai take ji.

Saura aski, wanda shi mutane suka fi jin tsoro. Furen da ya yi yaushi a yanke shi da almakashi mai kaifi, a sauko har zuwa ganyen farko mai 'ya'ya biyar, a yanka a karkace daf da saman idon da ke kallon waje. Daga idon nan sabon reshe zai fito, kuma cikin makonni 6 zuwa 8 ya kawo wani furen. Babban aski sau ɗaya ne a shekara, bayan ɗaukewar ruwa: a cire matattun rassa da masu gogar juna, a buɗe tsakiya iska ta ratsa. Rassan da ka yanke masu kaurin fensir kada ka zubar. Soka su a yashi mai laima a inuwa, ka kifa musu gorar ruwa da aka yanke gindinta. Ba duka za su kama ba, don haka ka soka goma.