Kusurwar da inji ba ya iya yankewa: Darasi daga allon lantarki ga masu sayen kayan gwamnati

A Lugbe, gefen babban titin Umaru Musa 'Yar'Adua da ke zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, akwai Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo. Nan ne hedikwatar hukumar NASRDA da aka kafa a 1999, nan ne kuma mazaunin cibiyarta ta bunƙasa fasahar tauraron ɗan adam da kamfanin NIGCOMSAT. Dubban ma'aikatan tarayya na wucewa ta ƙofarta safe da yamma.

Tarihin wurin ba ɓoyayye ba ne. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumban 2003, bayan kamfanin SSTL na Ingila ya ƙera shi. A watan Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a ƙarƙashin kulawar wannan kamfani. A 2017 kuma NigeriaEduSat-1 ya bi baya, wani ɗan ƙaramin tauraro mai santimita 10 a kowane gefe, da haɗin gwiwar NASRDA da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan.

A cikin kowane ɗaya daga cikin waɗannan taurari akwai abin da ke cikin cajar waya da mitar wuta da kwamfutar ofis: allon lantarki, wanda masu gyara ke kira bod ko fanel. Shi ne koren allon nan da aka yi da zaren gilashi da ƙaro, galibi mai kaurin milimita 1.6, aka shimfiɗa masa siraran hanyoyin jan ƙarfe. Duk mai son sanin ko ƙasa ta fara mallakar fasaharta, sai ya tambayi wanda ya zana allon. Duk mai son sanin ƙwarewar mai zanen kuwa, sai ya dubi ramukan da ke jikinsa.

Me ya sa ake huda allo

Yawancin ramukan allo zagayayyu ne, inji ke huda su kamar yadda kafinta ke huda katako. Amma akwai waɗanda dole su zama masu kusurwa huɗu ko dogaye. Soket ɗin wutar na'ura yana da ƙafafu masu faɗi kamar bakin wuƙa, kuma irin wannan ƙafa tsaga take buƙata. Gilashin da ke nuna lambobi a mita, ko makunni, ko batir, na iya buƙatar taga a tsakiyar allo. A ƙananan taurari irin na santimita 10, inda ake jera alluna kusa da juna, ana yanke gefensu domin wayoyi su samu hanyar wucewa.

Akwai kuma tsagar da aka yi domin kare rai. Idan mai gyara ya buɗe caja mai inganci, sau da yawa zai ga wata 'yar tsaga tsakanin ɓangaren da ke karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230 da ɓangaren da ke ba waya bolt 5. Dalili shi ne wuta na iya rarrafawa a saman allo idan ƙura da danshi suka kwanta a kai. Tsagar tana yanke mata hanya, ta tilasta mata zagaye mai nisa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60664-1 ta tanadi cewa a yanayin gida da ofis sai faɗin tsagar ya kai milimita 1 kafin a lissafa ta a matsayin kariya. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, damina kuma ta biyo da laima, wannan milimita guda tana tsakanin wutar AEDC da hannun yaron da ke wasa da wayar uwarsa.

Bakin yanka zagayayye ne

Matsalar tana farawa ne daga kwamfuta. Mai zane zai ja layi huɗu a manhaja irin su KiCad ko Altium, ya samu taga mai kusurwa tsaf. A masana'anta kuwa, abin da ke yanke allon wani ɗan ƙarfe ne zagayayye mai kaifi a gefe, yana juyawa da gudu yana tafiya a kan layin. Yana iya fitar da kusurwar waje da kaifinta, domin zagaye ta yake yi. Kusurwar ciki ce ta gagare shi, kamar yadda ludayi ba ya kwashe abin da ya maƙale a lungun gwangwani.

Lissafin mai sauƙi ne. Bakin yanka mai faɗin milimita 2 zai bar lanƙwasa mai zurfin rabin faɗinsa, wato milimita 1, a kowane lungu. Idan kayan da za a saka a tagar yana da kusurwa mai kaifi, kuma an zana tagar daidai da girmansa, ba zai shiga ba, lungunan huɗu za su tokare shi. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: abin da bai kai ƙwayar gero ba zai hana allo ɗari ko dubu yin amfani.

Hanyoyin kauce wa wannan guda uku ne. Ta farko, a faɗaɗa tagar. Ga bakin milimita 2, ƙarin kimanin milimita 0.3 a kowane gefe ya isa kusurwar kayan ta kuɓuce wa lanƙwasar, sannan a ƙara wani abu domin kuskuren inji, wanda masana'antu da dama ke sanyawa a kan milimita 0.2. Ta biyu, a nemi ƙaramin baki, kamar mai milimita 1 ko 0.8, sai dai shi a hankali yake tafiya, yana saurin karyewa, kuɗin aiki kuma na iya ƙaruwa. Ta uku, a sa ɗan zagayayyen rami a kan kowace kusurwa, yadda lungun zai zarce layin kaɗan. Siffar da ke fitowa tana kama da ƙashin da ake jefa wa kare, da wannan suna ma injiniyoyi suka san ta.

Ba kullum lanƙwasar ke zama illa ba. Kusurwa mai kaifi wuri ce da nauyi ke taruwa, daga nan tsagewa ke farawa. Allon da zai sha girgizar roka, ko girgizar janareta da ramukan hanya, ya fi ƙarko idan lungunansa a lanƙwashe suke. Don haka ƙwararren mai zane yakan zana lanƙwasar da kansa, ya rubuta girmanta, maimakon ya bar wa masana'anta ta yi hasashe.

Tsaga mai jan ƙarfe da marar shi

Rabuwa ta biyu ita ce tsakanin tsagar da aka shafe bangonta da jan ƙarfe da wadda aka bari haka. Ƙafar soket tana buƙatar mai jan ƙarfe, domin dalma ta kama, wuta ta wuce. Tsagar kariya kuwa dole ta zama tsirara. Idan aka yi kuskure aka shafe ta, abin da aka yi domin ya raba ɓangarori biyu sai ya koma gada a tsakaninsu.

Matakan aikin ma daban ne. Ana yanke mai jan ƙarfe tun da farko, kafin a tsoma allon a ruwan shafe, marar shi kuma sai a ƙarshe, lokacin da ake yanke iyakar allo. Saboda haka ba a fayil ɗaya ake bayyana su ba. Tsarin hanyoyi da iyakar allo suna tafiya ne a fayilolin Gerber, tsarin da kamfanin Ucamco na Beljiyam ke kula da shi, ramuka kuma a fayil ɗin Excellon. Taga marar jan ƙarfe ana zana ta a shafin iyakar allo da layi rufaffe, wanda ƙarshensa ya haɗu da farkonsa. Idan aka bar giɓi komai ƙanƙantarsa, manhajar masana'anta na iya ƙin ganin taga a wurin, allo ya iso a toshe.

Wasu sababbin masu zane kan jera zagayayyun ramuka masu hawa kan juna domin su samu tsaga. Masana'antu da yawa ba sa karɓar haka, domin bakin huda yana gocewa ya faɗa ramin da ke kusa ya karye, gefen kuma ya fito kamar haƙoran zarto. Haka nan ana janye hanyoyin jan ƙarfe baya daga bakin yanka da kimanin milimita 0.3, don kada inji ya yage su.

Inda abin ya shafi ofis

Fiye da rabin allunan lantarki na duniya a China ake yin su, kuma masu zane daga ƙasashe da dama na tura fayilolinsu ta intanet zuwa kamfanoni irin su JLCPCB da PCBWay. Wanda ke Abuja ba ya tsaye a gaban injin. Abin da ya rubuta shi za a yanka. Idan an samu kuskure, asarar ba ta tsaya ga kuɗin allo ba: akwai dala, da kuɗin jirgi, da kwastan, da makwannin jira, a tsarin da kasafi ke da wa'adi. Daga nan sai a koma ga share lungu da hannu, allo bayan allo, aikin da ke tayar da ƙurar gilashi mai cutar da huhu, ya kuma bar kayan gwamnati kowanne da girmansa.

A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda ya buƙaci ma'aikatu su fifita ƙwararru da kamfanonin gida a ayyukan kimiyya da injiniya. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta amince da manufar fifita kayan Najeriya wajen sayayyar gwamnati, aka ɗora wa hukumar BPP alhakin tabbatar da ita. Tambayar da ta rage wa jami'in da ke duba takardun kwangila ita ce yadda zai bambanta wanda ya zana kaya da wanda ya liƙa sunansa a kwalin wani.

Ba sai jami'in ya zama injiniya ba. Yana iya sa sharaɗi a takardar neman tayi cewa duk mai iƙirarin zanen gida ya gabatar da fayilolin Gerber da na ramuka, tare da zanen masana'anta mai nuna kowace taga, girman lanƙwasar lungunanta, da ko tana da jan ƙarfe ko babu. Yana iya neman a kawo samfuri a gwada shi cikin akwatinsa kafin a biya kuɗin dubbai. Ga kayan da ke hawa wutar gida, yana iya neman rahoton gwaji mai nuna tazarar da ke tsakanin ɓangaren babbar wuta da ƙarama. Idan kuma gwamnati ce ta biya kuɗin zanen, yarjejeniya ta bayyana cewa fayilolin mallakarta ne, domin ranar da ɗan kwangila ya ɓace wani ya iya ci gaba da aikin.

Wanda ya zana allo da kansa zai fito da waɗannan takardu cikin yini guda, ya kuma yi bayanin dalilin kowace tsaga. Wanda ya sayo ya sauya suna, a nan zai fara kame-kame.