Daga «helma» zuwa «manaja»: Ingilishin wurin aiki a Adar

Tun da daɗewa ƴan Adar suka san harshe jari ne. Masu tafiya cin rani Sakkwato, Kano da Kumasi sun komo gida da kalmomin Ingilishi a baka: lebura, helma, manaja, ciyaman. Da su baƙo ke gane mai ba da umarni da mai biyan albashi.

A shekarar 2025, Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Saboda haka, ɗaliban jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, su sani gaisuwar da aka koya a kwaleji ba ta isa ba. Wanda bai fahimci takardar kwangila ba, da hannunsa yake sa hannu kan asararsa.