Rumbun haɗaka: abin da ya kamata ma'aikata ta duba kafin ta zaɓi inda sabobinta za su ajiye bayanai

Ranar 14 ga watan Maris na 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Sadarwa ta yi rauni a Ghana da Benin da Najeriya da wasu ƙasashen yankin, har aikin bankuna ya samu cikas. Ma'aikatun da dukan bayanansu ke ajiye a Turai ko Amurka sun ga yadda aiki ke iya tsayawa saboda abin da ya faru a cikin teku.

Wannan na cikin dalilan da ke sa asibitoci da jami'o'i da ƙananan bankuna ke son kafa nasu gajimaren na cikin gida, wato rukunin manyan kwamfutocin da ake kira sabobi, a ɗakin da ke hannunsu. Akwai kuma batun kuɗi. Bayan kamfanin Broadcom ya sayi VMware a watan Nuwamba na 2023, an daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan kuɗi lokaci-lokaci, abin da ya sa da yawa suka fara duban manhajoji irin su Proxmox VE da OpenStack. Ko wacce aka ɗauka, tambaya ɗaya na jira: a ina bayanan za su zauna?

Me ya sa ake buƙatar rumbu ɗaya

Saba guda na iya ɗaukar kwamfutoci marasa jiki da dama, waɗanda masana ke kira VM. Kowace tana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta: wannan ta albashi, waccan ta rajistar marasa lafiya, wata ta wasiƙu. Idan bayanan kowace VM na cikin faifan sabar da ke ɗauke da ita, ranar da sabar ta mutu an tsaya ke nan sai an gyara.

Rumbun haɗaka shi ne wurin ajiyar da dukan sabobin ke gani a lokaci ɗaya. Idan ɗaya ta faɗi, wata za ta tayar da VM ɗin daga wannan rumbun cikin ƴan mintoci. Haka kuma ana iya ɗauke VM daga wata saba zuwa wata tana cikin aiki, a kashe ta farkon a yi mata gyara ba tare da ma'aikata sun lura ba.

Hanya ta farko: akwati guda a gefe

Mafi sauƙi shi ne a sayi na'urar ajiya ɗaya, irin ta Synology ko wadda aka ɗora wa TrueNAS, a haɗa ta da sabobin ta hanyar NFS ko iSCSI. NFS tsohuwar hanya ce da kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984, tana nuna wa sabobi babban jakar fayiloli, kuma saita ta ba wuya. Ita iSCSI tana miƙa wa saba ɗanyen faifai ta wayar sadarwa, sai dai tana buƙatar ƙarin tsari don kada sabobi biyu su yi rubutu wuri ɗaya su ɓata bayanai.

Matsalar a fili take: an sayi sabobi uku don gudun tsayawar aiki, amma duk ukun sun dogara da akwati ɗaya. Idan ya mutu, duka sun tsaya. Maganin shi ne na'ura mai ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu da hanyar wuta biyu, irin manyan na'urorin SAN na Dell ko NetApp ko HPE. Suna da ƙarko, amma da tsada, kuma dole a tambayi dillali kwana nawa kayan gyara ke yi kafin su iso Yamai ko Garwa ko Njamena, da lokacin da za su ɓata a kwastan.

Hanya ta biyu: a haɗa faifan sabobin kansu

A nan babu akwatin gefe. Manhaja ce ke tattara faifan da ke cikin kowace saba ta mayar da su rumbu ɗaya. Wadda ta fi shahara a cikin na kyauta ita ce Ceph, da Sage Weil ya fara a matsayin binciken digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, na amfani da ita, kuma tana zuwa a cikin Proxmox VE.

A tsarinta na asali, Ceph na ajiye kwafi uku na kowane bayani a sabobi daban-daban. Ke nan idan sabobi uku ne, kowace da terabait 8, jimilla 24, abin da za a mora terabait 8 ne kawai. Shi ma ba a cika shi, domin manhajar na fara gargaɗi idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, tana kuma dakatar da rubutu a kashi 95. Sabobi uku su ne mafi ƙaranci, amma idan ɗaya ta faɗi babu inda za a sake gina kwafi na uku sai ta dawo. Shi ya sa huɗu ko biyar suka fi kwanciyar hankali.

Sai batun hanyar sadarwa tsakanin sabobin. Waya mai gudun gigabit 1 ba ta wuce kimanin megabait 125 a daƙiƙa. Sake kwafar terabait 4 a kanta zai ci kusan awa tara, alhali a kan gigabit 10 bai kai awa ɗaya ba idan faifan na da saurin. Don haka Proxmox ke ba da shawarar aƙalla gigabit 10 da aka keɓe wa Ceph. Faifan ma sai an zaɓa: mai juyawa na yin ayyukan karatu da rubutu kusan ɗari a daƙiƙa, SSD kuwa dubbai. Kuma SSD ɗin da aka ƙera don sabobi, mai kariya daga ɗaukewar wuta, shi ya dace. Na kwamfutar hannu ya fi araha, amma araha ba ta ado.

Hanya ta uku: kwafi tsakanin sabobi biyu

Ƙaramar ma'aikata da ba ta da kuɗin waɗancan na iya amfani da ZFS, inda kowace saba ke aika wa ƴar uwarta kwafin abin da ya canza bayan ƴan mintoci. Ba rumbun haɗaka ba ne na haƙiƙa, domin idan saba ta mutu, abin da aka rubuta tun kwafin ƙarshe ya tafi. Makaranta na iya jure asarar aikin minti biyar, banki ba zai iya ba. DRBD na kamfanin LINBIT kuwa yana rubutawa a sabobi biyu lokaci ɗaya. A kowane hali ana buƙatar na'ura ta uku, ko da ƙarama ce, mai raba gardama. In babu ita, ranar da waya ta katse tsakaninsu kowace saba na iya ɗaukar kanta ita ce mai iko.

Wuta, zafi da mai kula

A yankin Sahel, abin da ya fi kashe rumbu ba manhaja ba ce. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, biranen ƙasar sun sha dogon ɗaukewar lantarki. Idan wuta ta ɗauke wa dukan sabobi lokaci ɗaya, kwafi uku ba su hana aiki tsayawa. Dole a tanadi batirin UPS, wanda masu Faransanci ke kira onduleur, da janareta, da tsarin da zai kashe sabobin cikin natsuwa kafin batirin ya ƙare. Na'urar sanyaya ɗaki ma gara biyu, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fankoki.

Sannan a tambayi kai: wa zai gyara da ƙarfe biyu na dare? Ceph na son ƙwararre. Ma'aikatar da ke da ma'aikacin kwamfuta ɗaya tak, wanda zai iya samun wani aiki gobe, ta fi tsira da tsarin da wani zai iya fahimta cikin yini ɗaya.

Rumbu ba ya maye gurbin kwafin ko-ta-kwana

Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko masu kutse suka kulle bayanai don neman fansa, ɓarnar na shiga dukan kwafin nan take. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa ranar 10 ga Maris na 2021 ta nuna haka: wasu abokan hulɗa sun rasa bayanansu saboda ba su da kwafi a wani wuri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gini ko wani gari.

Kafin a ɗora aikin gaske, sai a cire wayar saba ɗaya da gangan, a zare faifai ɗaya, a gwada dawo da VM daga kwafin ko-ta-kwana, a rubuta mintocin da kowane ya ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.